Huda Biyu a Ƙofar Gareji

Duk shekara idan sanyi ya kama a Riyad sai na ga irinku, samari sababbin zuwa, kun yi cirko-cirko a bakin shago kuna kallon dafaya a jere kamar kankana a kasuwa. Wannan ya ƙwanƙwasa, wancan ya ɗaga ya ji nauyi, sannan a juyo a ce mini, "Baba, ai sana'ar nan taku hutu ce. A jona a bango, ɗaki ya yi ɗumi, shi ke nan." To, madalla da masu ilimi. Dafaya dai ita ce abin ɗumama ɗaki da wasunku ke kira hita, kuma a kanta furfurar nan ta fito mini. Bari in ba ku labarin gareji ɗaya tak a unguwar Malaz. Idan kun ji kun ce har yanzu hutu ne, ga makullin shago nan ku ɗauka.

Da gyaran risho na zo ƙasar nan. A unguwarmu a Gusau babu matar auren da ba ta san Hamisu Risho ba, ido rufe nake yanka lagwani ya fita daidai. Saboda haka ranar da kafilina, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, ya kai ni shagon Ammu Nasir, wani tsoho ɗan Yaman da ke wani lungu a Al-Oud, ina ji da kaina na shiga. Aikin farko da ya miƙo mini wata dafayar kananzir ce mai hayaƙi. Na kwance ta, na kankare baƙin da ya daskare, na gyara bakin lagwani, na kunna. Wuta ta tashi shuɗiya, ko ƙyas babu ja a cikinta. Na tsaya ina jiran yabo. Tsohon nan ko kallon wutar bai yi ba.

Ya ce, "A wane ɗaki za a kunna ta?"

Na ce ban tambaya ba.

Ya ce, "To ba ka gyara komai ba, ya Hamis."

Ranar a ƙafa ya sa na bi mai kayan har gidansa, in ga ɗakin, in ga tagar, in ƙirga masu kwana a ciki. Na dawo ina ta ƙunƙuni da Hausa, shi kuwa ko a jikinsa.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba. Sukundireba babba da ƙarama, filaya, tocila, tsohon burushin haƙori, ɗan guntun madubi na leƙa ƙarƙashin kan wuta, sai kurfi da guduma da zarton ƙarfe. Akwai kuma almakashin lagwani, wanda in ka kuskura ka yanka ko zare da shi, ranar ba za ka sha shayi a shagon ba. Amma duk gidan da za mu je karon farko, a mota yake barin jakar. Da ido da hanci muke shiga. A dubi rufi ko da tabon hayaƙi, a dubi ƙasan ƙofa, a shinshina ko akwai fetur. Sai an gama wannan ake maganar wacce dafaya za a kawo.

Cikin duk wuraren da ake kiranmu, babu mai wuyar sha'ani kamar gareji. Don mota aka gina shi, mota kuwa ba ta numfashi. Yawanci ba taga, ƙasa siminti, ƙofa ƙarfe, a gindinta an bi da roba don kada yashi ya shigo. A lungu za ka tarar da jarkar fetur, ragowar fenti, tsofaffin taya. Wayar wutar da aka ja masa siririya ce, ta ƙwan fitila ɗaya. Idan ka kai dafayar lantarki mai sandunan nan da ke yin ja, ƙwabrin wanda ke gabanta kawai take gasawa, bargo ya taɓa ta kuma sai gobara. Mai tukunyar gas in ta yi yoyo, a ƙasa gas ɗin ke kwanciya yana jiran ashana. Wadda ta fi lafiya ita ce ta zait, mai haƙarƙarin ƙarfe da mai a rufe a ciki, ba harshen wuta, ba hayaƙi, sai dai tana zuƙar lantarki ba kaɗan ba, tsohuwar waya narkewa take yi. Ta kananzir ta fi su duka ɗumi, ba ruwanta da lantarki. Illarta ɗaya, iska take shaƙa kamar ni da kai. Idan iskar ɗaki ta yi ƙaranci ba mutuwa take yi nan take ba. Wutar sai ta koma ja, ta riƙa fitar da wata guba marar wari marar launi. Kai ya yi nauyi, barci ya zo mai daɗi, daga nan sai dai a ɓalle ƙofa.

Shekarar da aka yi yaƙin Kuwait ita ce muguwar shekararmu. Tun kafin sanyi ya shigo aka ce kowane ɗan Yaman ya nemi kafili ko ya bar ƙasa. Ammu Nasir, da ya fi rabin rayuwarsa a lungun nan, ya ɗaure katifa da injin walda a saman wata tsohuwar akori-kura ya kama hanyar kudu. Almakashin ya danƙa mini a hannu. Na ji zafin tafiyarsa ƙwarai, kuma ban sake ganinsa ba. Shago ya rage ni kaɗai, ga sanyi ya zo da wuri, irin wanda ke daskarar da ruwan buta.

Cikin sanyin nan ne wani ma'aikacin gwamnati da ake kira Abu Majid ya tsaya da motarsa a bakin shago. Mutum ne mai fara'a, ba shi da wulaƙanci.

Ya ce, "Ya Hamis, ba ni dafaya ƙarama, ta gareji."

Na ce, "Wa ke kwana a ciki?"

Ya ce, "Ma fi ahad, babu kowa. Ɗan gyare-gyare nake yi a ciki da yamma."

Na dubi hannunsa, sumul, ban ga alamar ya taɓa gaisawa da guduma ba. Na ce ni ba na sayarwa sai na ga wuri. Ya ce shaguna sun cika kasuwar Batha. Na ce gaskiya ne, ga hanya nan. Ya tsaya yana kaɗa makulli, can ya ce in shigo mota.

Gidan haya ne, irin tsofaffin ginin Malaz. Motar gidan a waje take kwana, an lulluɓe ta. Garejin kuwa an share shi tas, an jera taya a gefe kamar dai babu kowa. Amma ga buta a bayan ƙofa, ga silifas, ga carbi a rataye jikin ƙusa. Na ja numfashi sai na ji ƙamshin daddawa. Balarabe dai ba ya cin daddawa. Na ɗaga murya da Hausa na ce, "Salamu alaikum, mai ɗaki ya fito mu gaisa mana."

Sai ga wani dattijo ya leƙo daga tsakar gida da tsumman wanke mota a hannu, yana dariya yana tari. Shi ne Malam Sule, mutumin Gumel, direban gidan. Ashe igamarsa, wato takardar izinin zama, da sunan surukin Abu Majid aka yi ta, shi ya sa maigidan ba ya son a san da mutum a gidansa. Abu Majid ya ɗan sha jinin jikinsa, ya ce wallahi tarin Sule ne ya hana shi sukuni, daga cikin gida suke jiyo shi. Na yarda da shi, don ba dole aka yi masa ya fito neman dafaya ba.

Malam Sule ya janyo katifarsa daga bayan taya ya nuna mini. Da kwali yake shimfiɗe ƙasa, da rigar sanyi yake kwana. Sai ya buɗe wani bargo da aka harhaɗa da ƙyallayen shadda, kore da ruwan ƙasa da fari, ɗinki mai kyau, an cusa auduga a ciki.

Ya ce, "Ƙanina Garba ya yi mini, tela ne a Batha. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ba don bargon nan ba, Malam Hamisu, da tuni ka ji sanarwa."

Na buɗe soket na duba waya, na ga ko tukunyar shayi ba za ta ɗauka ba. Na ce wa Abu Majid ta zait ce ta dace, amma sai an jawo sabuwar waya daga mita, an fasa bango. Ya buga wa mai gidan hayar waya a gabana, tsohon ya ƙi ƙememe, ya ce ba mai taɓa masa bango. Na ce to saura ta kananzir, ita ma da sharaɗi, sai na huda ƙofa. Ƙofar dai Abu Majid ne ya sa ta da kansa, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas, huda."

Washegari na zo da jaka. Na zana da alli, na fara da kurfi, na ƙarasa da zarto. Huda ɗaya a ƙasa, kamar taƙi guda daga siminti, inda iska mai kyau za ta shigo. Ɗaya can sama, inda gurɓatacciya za ta fita. Kowacce faɗin ɗan faranti. Na bi bakinsu na goge kaifi, na ɗaura raga saboda ɓera da kyanwa. Malam Sule yana tsaye ya rungume hannu, yana kallona kamar mai kallon mahaukaci.

Ya ce, "Malam Hamisu, ikon Allah. An kira ka korar sanyi, ka zo ka yi masa ƙofa har biyu."

Na yi masa bayani dalla-dalla, har na kifa kofin gilas a kan kyandir ya ga yadda wuta ke shiɗewa.

Ya ce, "Haba ɗan'uwa. Mu da muka tashi da kaskon garwashi a tsakiyar ɗaki? Inna ta rufe ƙofa, mu kwana har safe, ga mu nan da ranmu."

Wannan maganar na ji ta a bakin Bahaushe ya fi a ƙirga, kuma ita ta fi ba ni haushi. Na ce, "Malam Sule, ɗakin Inna na ƙasa ne, rufin azara, ƙofar asabari. Ko an rufe shi iska na ratsawa ta ko'ina. Wannan kuwa siminti ne da ƙarfe da roba, gwangwani ne. In ka ga wutar nan ta yi ja, ko ka tashi da ciwon kai, kashe ta ka buɗe ƙofa. Hudojin nan kuma ko da wasa kada ka taɓa su."

Ya ce, "Na ji. Hancin ɗaki ke nan."

Na ce, "Yauwa, hancin ɗaki."

Ba a jima ba yaƙi ya ɓarke. Jiniya ta riƙa tashi, makamai na faɗowa cikin gari, aka cika mutane da tsoron cewa za a harbo iska mai guba. Kowa ya bazama sayen leda da salatif. Taga, ƙofa, ramin na'urar sanyaya ɗaki, duk aka bi aka liƙe. A cikin ɗakunan nan da aka liƙe kuma ake kunna dafayar kananzir, don sanyi bai san ana yaƙi ba. Na yi magana har muryata ta dushe. Duk wanda ya zo sayen lagwani sai na riƙe hannunsa na ce ya bar kafa ko ɗaya ce. Wani ya ce mini, "Kai za mu ji ko rediyo?" Ban ga laifinsa ba sosai, tsoro ne, ni ma ina jinsa.

Abu Majid ya kwashe iyalinsa ya tafi Jidda, aka bar Malam Sule da gadin gida. A farkon yaƙin na bi ta Malaz da gangan. Na same shi yana shan hantsi a bakin garejin, tarin ya yi sauƙi, har ya ɗan murmure. Kafin in buɗe baki ya nuna ƙofa ya ce, "Ga hancinka nan, ban taɓa ba." Na tsuguna na sa hannu na ji iska na wucewa. Ya zuba mini shayi, muka yi hirar gida, na tafi hankalina a kwance.

Bayan 'yan kwanaki, mai bakala, wato kantin layin, wani Ba'indiye, shi ya fara lura. Malam Sule bai zo ɗaukar burodi ba, ba a kuma gan shi a sahun asuba ba, mutumin da ladan ma ke tarar da shi a masallaci. Da hantsi shi da mutanen layin suka ɓalle ƙofa. Yana kwance a gefensa na dama cikin bargon shadda, hannu a ƙarƙashin kunci.

Sai da 'yan sanda suka gama nasu, Abu Majid ya dawo daga Jidda, sannan ya zo shago. Fara'ar nan duk ta tafi. Ya ce, "Ya Hamis, dafayarka ta kashe mutum." Na ɗauki jaka na bi shi.

Kananzir ɗin da ke tankin dafayar ya ƙone ƙarƙaf, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Ban goge komai ba. Na fito da ita tsakar gida, na zuba kananzir, na jira lagwani ya jiƙu, na kunna a gabansa. Ta ɗan yi hayaƙi, sannan wuta ta daidaita shuɗiya. Lafiyarta ƙalau. Na koma na dubi ƙofar daga ciki. A kowace huda an cusa ɗan matashi zagayayye, an ɗinka shi daidai faɗin ramin, an bi gefensa da salatif. A gindin ƙofa kuma ga wani dogo kamar maciji, an cika shi da ƙyalle. Kore da ruwan ƙasa da fari. Ba aikin gaggawa ba ne, sai da aka auna aka je aka ɗinko. Na zare su na nuna wa Abu Majid. Ya zauna a kan taya ya rufe fuskarsa da gefen rawaninsa.

Me ya sa Malam Sule ya bari? Na sha juya wannan a raina. Wataƙila jiniya ce ta firgita shi. Wataƙila kaskon Inna ya tuna. Ni dai abin da na fi zato, ƙaninsa ne ya taso takanas da kyauta a hannu, shi kuwa ba mutumin da zai ce a mayar ba ne.

Gawar baƙo a ƙasar nan ba ta saurin fita. Sai da aka yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da ofishin jakadanci da kafilin da sunansa ke kan igama, sannan aka ba mu shi. Bayan la'asar muka kai shi maƙabartar Al-Oud. Kun san yadda take, fili ne fetal, ba suna ba allo, dutse a kai dutse a ƙafa. Mu 'yan kaɗan ne, direbobi da masu gadi da leburori. A nan na fara ganin Garba, siriri, da zaren ɗinki maƙale a rigarsa. Na yi niyyar in yi masa gaisuwa in wuce. Abin da na gani a ƙofa, na ce ba ranar faɗarsa ba ce, wataƙila ma babu ranar.

Shi ya tare ni a bakin ƙofar maƙabarta. Ya kama hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Kai ne Malam Hamisu mai dafaya? Allah Ya saka maka da alheri. Yaya ya ce tun da ya zo Saudiyya bai taɓa jin ɗumi irin na bana ba."

Na ce, "Allah Ya jiƙansa."

Ya ce, "Amin. Sun ce numfashinsa ne ya tsaya. Ni na san sanyin da ya sha a baya ne ya riga ya cinye masa ƙirji. Ka ga ƙofar nan tasa? Wani marar tausayi ya bar ta da ramuka har biyu, ga sanyi ga gubar da ake cewa za a harbo. Da na gani ban iya barci ba sai da na ɗinka masa abin toshewa. Yana ta cewa in bari, in bari, na ce wallahi Yaya ba zan bari ba."

Sai ya ƙara da cewa, "Ragowar ƙyallen ma ban zubar ba. Na yi wa su Malam Idi, masu gadin gona a Dir'iyya. Su ma ɗakinsu duk kafa."

Na ce, "Da me suke ɗumama ɗakin?"

Ya ce, "Garwashi suke shiga da shi, irin na gida."

Na dubi rana, ta yi ƙasa. Babu sauran zaɓi. Na ja shi gefe, nesa da mutane, na ce, "Garba, ni na huda ƙofar nan." Na gaya masa dalili, a taƙaice, ba tare da na kalli idonsa ba. Bai yi kuka ba, bai yi salati ba. Hannuna da yake riƙe da shi kawai ya saki a hankali.

Wani direba ɗan Haɗeja ya ɗauke mu a motar ubangidansa. Ana kiran magariba muka isa gonar, a gefen kwari, cikin dabino. Su uku ne a ɗakin bulo mai ƙofar ƙarfe, har sun hura garwashi a rabin duro suna shirin shiga da shi. Garba ko sallama bai yi ba. Ya wuce ciki ya hau ɓamɓare salatif, yana zaro matasan da ya ɗinka ɗaya bayan ɗaya.

Malam Idi, dattijon cikinsu, ya biyo shi yana cewa, "Haba Garba! Kai da ka yi mana alheri, yau kuma ka zo kwashewa? Kwanan nan kullum da ciwon kai muke tashi, jiki ba ƙarfi, sanyi kuma za ka ƙara mana?"

Garba bai juyo ba. Ya durƙusa ya janye dogon da ke gindin ƙofa. Ni na tsaya na yi wa su Malam Idi bayani, na sa suka bar garwashin a waje.

Daga shekarar nan na canja aiki. Hudar sama a bango nake yinta yanzu, can inda hannu ba ya kaiwa sai da tsani, in sa mata ƙarfe mai haƙora in yi walda. Wanda bai yarda a fasa masa bango ba, ya je wani shagon. Kuma ba mai ɗaki kaɗai nake yi wa bayani ba. Sai na tambayi wa ke zuwa wurinsa ranar Juma'a, wa ya damu da shi, shi ma a kira mini shi.

A daren nan muka kamo hanyar dawowa daga Dir'iyya. Garba ya tara ƙyallayen a cinyarsa ya riƙe har Batha. Da mota ta tsaya a bakin layinsu bai sauka nan da nan ba.

Ya ce, "Malam Hamisu, akwai mai tafiya gida jibi. Dole in yi wa Inna kaset. Me zan ce mata ya kashe shi?"

Na ce, "Ka ce mata ya kwanta barci cikin bargon da ka ɗinka masa, bai tashi ba. Ba ka yi ƙarya ba."

Ya gyaɗa kai, ya buɗe ƙofa ya sauka da ƙyallayensa a hannu.